Zogalen da Kawu Ya Hana Taɓa Ƙasa

Mijin 'yar Kawu ya cuce ni, kuma a gaban jama'a ya yi, ranar sadakar uku. Ya sa an tsaga duron da zogalen Kawu yake ciki, ya ciro shi ya dasa a ƙasa, a tsakar gidanmu na unguwar Bin Omran a Doha, alhali ya san ni zan ɗauka. Na fara da wannan ne don kada a ce na ɓoye abin da ke raina na zo ina ta'aziyyar fatar baki. Na Allah ne mu, wurinsa za mu koma, Kawu ya riga mu isa. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa. Amma ba zan iya rubuta Kawu in tsallake zogalen nan ba. Wanda bai san zogalen ba, bai san mutumin ba.

Mutane sun zo, ba laifi. Direbobi, masu gadi, masu shara a filin jirgi, namu na Arewa da 'yan Zangon Ghana, har ɗan Sudan ɗin nan mai shago a bakin layi ya ja ƙofarsa ya zo ya zauna. Wani dattijo Basakkwace, abokin tafiyar Kawu masallaci, ya kasa cewa komai sai, "Shi ke nan, alƙali ya tashi." Can ya sake faɗa. Wani ƙaton ɗan Kumasi ya rufe fuska da hula yana kuka. Malamin da ya yi addu'a ya ce shi bai taɓa jin marigayi ya ɗaga murya ba. Wannan ba gaskiya ba ne, ni ya sha ɗaga mini, amma ba a gyara wa malami magana a kan tabarmar makoki.

Abin da na lura da shi, duk wanda ya shigo sai ya wuce ni ya je ya miƙa wa surukin hannu biyu. "Ya haƙuri? Ya ƙarin haƙuri?" Ni da mahaifiyata take uwa ɗaya uba ɗaya da mamacin, ina zaune bakin ƙofa kusa da takalma. Sai sun juyo za su fita su ce, "Af, ashe kana nan. Ya haƙuri?" Wani ma tambayata ya yi inda ake alwala. Na nuna masa.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Mutanen wani ƙauye ne mu a ƙasar Kazaure. Ya yi aikin masinja a babbar kotu a Kano tun yana saurayi: ɗauko fayil, mayar da fayil, kiran masu ƙara daga baranda, share teburin alƙali. Da ya bar aikin sai Allah ya kawo shi Doha, ya zama direban gidan wani lauya a Al Mirqab, ya tuƙa 'ya'yan gidan zuwa makaranta har suka girma suka fara tuƙa kansu. Kafil ɗinsa, wato uban gidan da ya tsaya masa a takardun zama, bai sallame shi ba ko da ido ya fara rauni, ya bar shi yana kai aike. Shi ya nema mini aikin gadi, shi ya tare ni a filin jirgi, kuma a ɗakinsa na fara kwana a ƙasar nan. Ni boko aji biyu na sakandare na tsaya, kowa ya sani, ba na ɓoyewa. Shi ma bai fi ni da yawa ba.

Duk zamansa a kotu, kalma ɗaya ya ɗauko ya riƙe kamar carbi. Situs. Ya ce Latin ce, yaren da lauyoyi suke shiga in ba sa so mai ƙara ya gane inda aka dosa. Ma'anarta, in ji shi, wurin da doka ta ɗauka abu yake zaune. Ba inda mai abin yake ba, ba inda ransa yake so ba. Kuma inda abu yake zaune, dokar wurin ce take hukunta shi, alƙalin wurin ne yake da baki a kansa.

Yana da labari ɗaya da yake bayarwa a kan wannan, na ji shi har na haddace. Wasu 'yan'uwa biyu daga bakin iyaka suka kawo ƙarar gonar gado. Suka ɗauki lauyoyi, aka yi ta zuwa ana komawa, har ranar da alƙali ya tambayi inda gonar take. Ashe tana tsallaken iyaka, cikin Nijar. In Kawu ya kawo nan sai ya yi kamar yana cire tabarau, alhali ba ya sawa, ya ajiye a kan gwiwa, ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya.

"Ya ce musu, ku 'yan ƙasar nan ne, ubanku ɗan ƙasar nan ne, lauyoyinku ma haka. Amma gonar ba ta taɓa zuwa Najeriya ba. Situs ɗinta can. Kotun nan ba ta da hurumi. Ku tashi."

Sai ya mayar da tabarau ɗin da babu, ya ɗauki shayinsa.

Da wannan kalma ɗaya ya riƙe gidan Bin Omran shekara da shekaru. Gida ne tsoho, ɗakuna kewaye da tsakar gida, mutum wajen ashirin, kicin ɗaya, firji ɗaya, kowa da halinsa. In rigima ta tashi ba ya tambayar wa ya fara. Tambayarsa ɗaya ce: "Abin yana ina?"

Akwai wasu 'yan Gusau biyu, ɗan wa da ɗan ƙani, da suka kusa dambe a kan wani fili da aka sayar a gida. Har an tuɓe riga. Kawu ya fito da buta a hannu.

"Filin yana cikin ɗakin nan?"

"A'a, Baba."

"Yana tsakar gida?"

"Yana Gusau, Baba. Amma wannan munafukin ne ya..."

"To situs ɗinsa Gusau. Ku ƙulle rigimar a leda, in kun tafi hutu ku kwance ta can. Nan tukunya ɗaya kuke ci. Sa rigarka, cikinka ba abin nunawa ba ne."

Haka ya hana siyasar gida shiga gidan. Haka ya raba 'yan Ghana da 'yan Najeriya ranar ƙwallo. Naman da ya kwana biyu a firji babu wanda ya ce nasa ne, Kawu ya ce ya koma ƙarƙashin dokar kicin, dokar kicin kuwa mai yunwa ne ke da gaskiya. Wata Babbar Sallah wani baƙo sabon zuwa ya sayo rago yana wasa wuƙa zai yanka a tsakar gida kamar yadda ake yi a garinsu. Kawu ya riƙe masa hannu ya ce, "Ragon naka ne, ladan naka ne. Amma daɓen nan situs ɗinsa Doha. In jini ya zuba, ba dagacinku ne zai zo ba, 'yan baladiya ne, hukumar gari. Yalla, maza kai shi mayanka." Mutumin ya yi ta ƙunƙuni, amma ya kai.

Shi kansa haka ya zauna a ƙasar nan. Bai taɓa buga ƙusa a bangon ɗakinsa ba. Ya ce ƙusa in ta shiga bango ta zama ta mai gida. Kayansa duk suna cikin akwatin ƙarfe ɗaya, rigunan Juma'a a rataye a jikin ƙofa. Kowace shekara sai ya ce, "Baɗi war haka ina gida." Tun ina ɗauka da gaske har na daina.

Zogalen kuwa daga bayan ɗakin mahaifiyata ya fito. Akwai wani babba a can, wanda muka tashi muka tarar, a jikinsa ake ɗaure akuya. Wata shekara da Kawu ya je hutu ta ƙulle masa irin a leda ta ce ya je ya shuka, ya daina cin ganyen Larabawa marar ɗanɗano. Ya samo duron ƙarfe, aka raba biyu, aka huda gindin, ya zuba ƙasa da takin da ya roƙo wajen masu kiwon raƙuma. Ya ɗora duron a kan katako mai tayoyin tsohuwar kujerar ofis. Ruwan da ke ɗiga daga bayan esi yake tarawa a jarka ya ba shi, kuma a gindinsa yake alwala. Zogalen ya tashi. Bai yi tsawon na gida ba, amma ya wuce kan mutum, kuma ganyensa bai taɓa yankewa ba.

A jikin katangar gidan akwai wani ɗan tsiri da ba a yi wa siminti ba, ƙasa ce zalla. Mai gidan, wani tsohon Balarabe mai son hira, duk zuwansa sai ya tsaya ya kalli duron ya ce, "Ya Hajji, ga ƙasa nan kyauta, me ya sa kake wahalar da bishiya?" Kawu ya yi dariya ya yi godiya. In tsohon ya tafi sai Kawu ya juyo gare mu.

"Muddin yana cikin duro, kayana ne, kamar butata. In na tashi, ya tashi. Ranar da saiwarsa ta kama ƙasar nan ya zama gida, gida kuwa na mai gida ne. Situs ɗinsa ya kafu, ba ni da sauran baki. Mu biyun nan biza gare mu, ni da shi."

Lokaci lokaci yakan sa in ɗaga gefen duron ya leƙa ƙasa da 'yar wuƙarsa. In ya ga saiwa ta leƙo ta huji tana neman hanya, ya datse ta. "Ina za ki? Koma ciki."

Ku lura da wanda yake ɗagawa. Ni ne. Zafin garin nan ba ya barin ganye a rana. In bazara ta shigo sai an ja duron zuwa ƙarƙashin bene, a rataya masa jiƙaƙƙen buhu. In sanyi ya zo a mayar da shi fili. Rabin duro cike da jiƙaƙƙiyar ƙasa, ga bishiya a kai, tayoyin kuma sun daɗe da mutuwa. Ni nake sa kafaɗa. Kawu na zaune a kujerar roba yana ba da umarni kamar mai shigar da tirela gareji.

"Hagu, Ƙato. Na ce hagu. Wai kai wace irin hagu aka koya maka?"

Ƙato yake ce mini. Ciwon bayan da ke hana ni tsayuwar gadi yanzu, a jikin duron nan na samo shi. Ban taɓa cewa uffan ba.

Ba zan zalunce shi ba, ya yi mini abin da ba zan manta ba. Lokacin da mahaifiyata ta rasu ban daɗe da canza kamfani ba, babu hutu, babu hanyar tafiya. Shi aka fara bugo wa. Bai kira ni a waya ba. Ya tako da ƙafarsa har bakin ginin da nake gadi a Al Mirqab, da rana tsaka, ya tsaya a inuwar wani shago har na tashi aiki. Da na gan shi tsaye babu murmushi na gane. Muna isa gida ya tsigo ganyen zogalen da hannunsa, ya dafa, ya daka ƙuli-ƙulin da yake ɓoyo a akwati, ya kwaɗa, ya turo mini kwanon.

"Ci. Na bayan ɗakinta ne."

Na ci ina kuka, shi ma yana ci yana share ido da bakin hula. Ranar babu kowa tsakanina da shi. Daga baya 'yan'uwa suka sayar da gidan, wanda ya saya ya sare uwar zogalen ya yi shaguna. Wanda ke cikin duron nan shi kaɗai ya rage a duniya daga bayan ɗakin mahaifiyata. Ku riƙe wannan, don masu cewa ina tada jijiyar wuya a kan ganye.

Sai ga ɗan Kumasi ya zo. Ba mai kukan nan ba, wani daban, siriri, mai gogaggiyar riga, shugaban masu shara a wani ɓangare na filin jirgi. Sufabaiza. Ya yi boko, ya iya zama kusa da manya. Cikin wata ɗaya ya gane abin da Kawu yake so. Sai ya zo bayan la'asar ya durƙusa ya ce, "Baba, ina da tambaya. Jirgin da yake sama, bai sauka ba, situs ɗinsa ina ne?" Kawu ya gyara zama, fuskarsa ta washe kamar an ba shi kujerar Makka. Su kwashe awa suna yi. Gobe ya dawo da wata. Kifin da ke cikin teku fa? Saƙon da ke cikin waya fa? Kawu ya yi ta dariya yana dukan cinya yana cewa, "Kai ɗana, kai ɗana, da ka yi lauya."

Ɗana. Shekarun da na yi ina ja masa duro bai taɓa ce mini ɗana ba. Ni ma na gwada sau ɗaya. Na ce, "Kawu, to raƙumin da ya tsallaka iyaka yana kiwo fa?" Ya ce, "Ƙato, jarkar esi ta cika, je ka juye."

Aka yi haka har ya ba shi 'yarsa. Ita ta so, sun daidaita a waya, ba wanda aka tilasta. Ni ban nema ba, kada wani ya ƙara wa maganata gishiri. Taubashiyata ce, tsokana ce kawai tsakaninmu tun muna yara. Amma ko shawara ai a yi da ni. A bakin mai dafa mana abinci na ji an sa rana. Bayan nan kamfaninmu ya kwashe mu ya mayar masaukin ma'aikata a bayan gari, gadona na ɗakin Kawu kuwa bai yi kwana biyu babu kowa ba. Kun san wanda ya hau.

Faɗanmu ɗaya da Kawu, kuma a kan zogalen ne. Wata Juma'a na zo na tarar da surukin da almakashi yana rage masa rassa, Kawu na gefe yana nuna masa da sanda. Ni ko ganye ban isa in tsinka ba sai na tambaya.

Na ce, "Kawu, wato ni dako, shi aski?"

Ya ce, "Hannunsa da sanyi. Kai ƙarfi Allah ya ba ka."

"To ni jaki ne ke nan."

"Ni ban faɗa ba. Amma tunda kai ka shigar da ƙarar, kuma kai ka ba da shaida, kotu ba za ta ƙi karɓa ba."

Duk tsakar gidan aka kwashe da dariya. Surukin ya sunkuyar da kai wai shi mai kunya, amma na ga haƙoransa. Na juya na fita, na yi watanni ban taka gidan ba. Da zafi ya fara shigowa sai ga Kawu a masaukinmu. Bas biyu ya hau, tsoho da shi, rigarsa sharkaf da gumi, riƙe da ledar busasshen zogale. Bai ba ni haƙuri ba, ba halinsa ba ne. Ya ajiye ledar a kan gadona ya ce, "Duro yana rana."

Na bi shi. Na sa kafaɗa na tura har ƙarƙashin bene. Ina tsaye ina haki ya dafa bakin duron ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "In na riga ka, ka ɗauke shi. Kai ne mai ɗaukarsa." Babu kowa a wurin sai ni da shi da Allah. Ban nemi shaida ba, don ban san zan buƙata ba.

Baɗin da yake ta faɗa bai zo ba. Ya faɗi a bakin masallaci, aka kai shi asibiti, ya yi kwanaki yana magana sama sama, sannan Allah ya karɓi abinsa. 'Yarsa da mahaifiyarta suka ce a yi masa sutura a nan, kada a wahalar da gawa. Ban ja ba. Muka kai shi maƙabartar bayan gari, ƙasa fara fat mai duwatsu. A hanyar dawowa, cikin mota, na ce wa surukin ranar uku zan zo da a-kori-kura in ɗauki duron, na riga na roƙi mai kula da masaukinmu ya ba ni wuri kusa da tankin ruwa. Ya ce, "Allah ya kai mu, Yaya." Abin da ya ce ke nan. Bai ce a'a ba, bai ce akwai magana ba.

Ranar uku ina aikin safe, ban samu wanda zai riƙe mini ba. Ina tashi na tari wani direba ɗan Nepal da muka saba, muka zo da motarsa da igiya da katakai. Tun daga bakin ƙofa na ga mutane sun yi da'ira a jikin katanga. Na kutsa. Duron yana gefe a wangale, an tsaga shi daga sama har ƙasa da injin yankan ƙarfe. Katakon mai tayoyi an jingine shi da bango. Zogalen yana tsaye a cikin tsirin nan, an tara masa ƙasa an yi masa gurbi, mutane suna karɓar buta ɗaya bayan ɗaya suna zuba masa ruwa. Malam yana cewa wannan sadaka ce mai gudana, duk tsuntsun da ya sauka a kai ladan na marigayi ne, Allah ya yi wa wannan suruki albarka, ɗa ma iyakar abin da zai yi ke nan. Kowa ya ce amin. Basakkwacen nan ya miƙo mini butar ya ce, "Zuba naka, ɗan'uwa."

Ban karɓa ba. Ban kuma yi magana ba, don gawa ba ta yi sanyi ba. Na fita na sallami ɗan Nepal, ya tafi da motarsa babu komai a baya.

Kashegari na je wajen mai gidan. Na ce masa bishiyar ta gidanmu ce, ina so in tone ta tun saiwa ba ta kama ba. Ya ce shi ya daɗe yana roƙon Hajji ya dasa, yanzu da Allah ya sa aka dasa ba mai taɓa masa ita, albarkar mamaci ce a gidansa. "Khalas," in ji shi, wato magana ta ƙare, ya shafa tafin hannu. A gidansa. Daidai abin da Kawu ya ce zai faru, kalma da kalma. Kuma duk wanda ke bin layin nan ya ga abin da ake yi wa tsofaffin gidaje. Na dama da mu an rushe, na bayanmu an rushe, an kafa dogaye. Tsohon nan in ya kwanta dama, 'ya'yansa ba za su tsaya kallon zogale ba.

Na bari har baƙi suka ɗauke ƙafa. Wata Juma'a bayan an sauko na sami surukin shi kaɗai a tsakar gida, ya tsuguna yana gyara gurbin da hannu. Ya gan ni ya miƙe yana karkaɗe gwiwa.

"Yaya, sannu da zuwa. Ka gani? Ya fara sabon ganye."

Na ce, "Sufabaiza, na gaya maka zan zo in ɗauka ko ban gaya maka ba?"

"Ka gaya mini."

"Ka san abin da dasawa take nufi a wajen Kawu ko ba ka sani ba? Kai da kuka ƙare shekaru kuna situs ɗin kifi da na jirgi."

"Na sani, Yaya."

"To sata ka yi. Ka san in yana duro nawa ne, shi ya sa ka yi sauri ka kafa shi inda hannuna ba zai kai ba."

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, a hankali, da Hausarsu ta Zango, "Baba ne ya ce. A asibiti, ranar da ya farka ya sha ruwa. Ya ce mini, ɗana, ni dai na ga nan za a sa ni. In an sa ni, ka sauke zogalen shi ma, ya gaji da tsayuwa. Na so in gaya maka a mota, na ga fuskarka, na kasa. Wallahi ban ƙara ko kalma ba." Ya ɗauko almakashi daga kan taga. "Bari in yanka maka reshe mai kauri. Zogale ba ya gardama, ko'ina ka soka zai kama."

Na daɗe ina kallonsa. Na so in ga alamar ƙarya a idonsa, na nema sosai. Maganar ta yi kama da bakin Kawu, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Na ce masa, "Ajiye almakashin nan. Maƙwabci ake yanka wa reshe. Ni a gindin uwar bishiyar nan aka yanke mini cibi, ba kai za ka ɗiba ka ba ni ba. In ƙarya ka yi wa mamaci, Allah ya isa tsakanina da kai. In kuma gaskiya ka faɗa, ka ƙara cutata, da ka bar ni ina zaginka a kan sata ya fi mini sauƙi. Ka riƙe shi. Ka ba shi ruwa, ka yi masa aski, ka sha yabo. Ranar da katafila ta tsaya a ƙofar gidan nan kada ka buga mini waya, ba abin ɗauka ba ne yanzu, kuma ni ba ni da sauran baya. Sannan in ka je kabarin, tunda kai yake saurara, ka gaya masa ni na ce: ranar da ya farka ya sha ruwan nan, ina asibitin. Ina zaune a baranda da kunun da na dama masa, an ce mutum ɗaya ake bari ya shiga. Ƙofar a buɗe take. Da ya ce Ƙato, da na ji."